Dikten da Muka Yi Kafin Shuka

Na daɗe ina koya wa manyan mata karatu da rubutu da Hausa a nan Dakoro. Ajinmu rumfar kara ce a bayan gidana, sai tabulo guda, wato babban allo, da maigidana ya kafa mini a jikin katanga. Sau uku a mako muke haɗuwa bayan azahar, mu tashi da la'asar. Yawancin ɗalibaina sun girme ni. Akwai wadda ta zo don ta iya karanta takardar likita, akwai wadda ta gaji da dangwala yatsa a meri, wato ofishin magajin gari, akwai kuma wadda hira ce kawai ta kawo ta, karatun ya kama ta daga baya.

Biyu daga cikinsu zan fi ambata. Ta farko tsohuwa ce da kowa ke ce wa Inna. Mijinta ya rasu tuntuni, ita ke riƙe da gonarsu ta hatsi a kan hanyar Kornaka, kuma har yau ba ta yarda wani ya yi mata shuka ba. Hannunta ya saba da hauya, don haka in ta riƙe bik, wato biro, sai ta danna shi har ya huda takarda. Ta biyun Bafillatana ce mai sayar da nono, muna ce mata Adda, wato yaya da Fillanci. Rugarsu tana kan hanyar Bader Gula. Da safe take shigowa gari da ƙwaryarta, in ta sayar ta zo ta ajiye ƙwaryar a gindin rumfa ta zauna karatu, sannan ta kama hanya tun rana ba ta faɗi ba. Tabarma ɗaya suke zama ita da Inna, kuma kullum sai sun yi tsiya. Inna ta ce shanun su Adda ba su san iyaka ba, Adda ta ce gonar Inna ce ke tafiya kowace shekara tana cin burtali. Mu yi ta dariya.

Wata rana cikin bazara, kafin ruwa ya sauka, wani mutum ya kira ni a salula. Muryarsa da ladabi, Hausarsa a gauraye da Faransanci, amma da ji ka san ba ɗan yankinmu ba ne. Ya ce an ba shi lambata a wurin wani taron malamai, an ce na iya rubutun Hausa mai tsabta. Ya ce suna aiki da wata na'ura da ake kira ƙirƙirarriyar basira, wadda ke rubutu da kanta, kuma ta yi magana da murya kamar mutum. Matsalarta guda ce, Hausarta ta manyan biranen nesa ce, mutanen karkarar Maradi ba sa jin ta a matsayin tasu. Suna so su shirya wasannin rediyo na sasanta manoma da makiyaya, saboda haka za su riƙa aiko mini da abin da na'urar ta rubuta, ni kuma in mayar da shi irin maganarmu, in karanta da bakina in aika musu don ta koyi yadda muke furtawa. Ya ce akwai ɗan hasafi da za a riƙa turo mini ta waya.

Ban yi dogon tunani ba na amsa. Gaskiya ma daɗi na ji. Tun ina lakkol, wato makarantar boko, ake nuna mana cewa maganarmu ta gida ce da kasuwa, abin ofis kuwa Faransanci. Ko Hausar da ke cikin littattafai ba irin tamu ba ce. Yau ga wani daga nesa yana neman ta, har yana cewa na'ura za ta zauna ta koya daga gare ni.

Aikin ya yi mini daɗi ƙwarai. Na'urar ta rubuta gero, in mayar da shi hatsi. Ta rubuta dabbobi, in sa bisashe. Ta ce ɗan sanda, in ce jandarma. Ta ce "me ya faru", in gyara zuwa "mi ya hwaru". Wani lokaci in yi ta dariya ni kaɗai, domin takan sa tsohuwar ƙauye ta yi magana kamar mai karanta labaran duniya. Guntayen maganganu ne ake aiko mini, ba labari cikakke ba. Wannan manomi ne yana kuka, wancan makiyayi ne yana ƙorafi. Da na tambaya ina wurin sulhun, mutumin ya ce wani ne ke gyara wannan ɓangaren, ni dai in kula da nawa.

Da na ga abin yana tafiya, sai na ce me zai hana in kawo shi aji. Wa ya fi matan nan sanin yadda ake kukan gona da kukan rijiya? Na gaya musu duk yadda aka yi, suka yi murna. Sai in karanta musu abin da na'ura ta rubuta, su gyara, in rubuta gyaran a tabulo, in goge, sannan in yi musu dikte da shi, wato in faɗa su rubuta a cikin kayensu, littafin rubutun da kowace ke zuwa da shi. Kamar yadda na koya musu tun farko, kowace sai ta fara sa kwanan wata a saman shafi.

Na tuna ranar da na karanta musu: "Sun lalata mini amfanin gona gaba ɗaya."

Inna ta taɓe baki. "Wanga bai taɓa noma ba. Wadda aka ci ma gona ba haka take cewa ba."

"To, Inna, ƙaƙa take cewa?"

Ta ce, "Ko zangarniyar da za a jehwa ma kaza ba su bar mani ba."

Kowa a ajin ya ji maganar har cikin ciki. Wani makon kuma na karanta: "An hana mu shayar da dabbobinmu." Adda ta girgiza kai ta ce a sa haka: "Tun hantsi bisashe na tsaye bakin rijiya, har maruƙa sun bar kuka." Wata ta tambaye ta don me za a ce sun bar kuka, ai kuka shi ne alamar wahala. Adda ta ce maraƙin da ke kuka da sauran ƙarfinsa, in ya yi shiru shi ne abin tsoro. Ban taɓa sanin haka ba sai ranar. Na aika wa mutumin maganganun nan biyu ina taƙama da su, ya ce madalla, irin waɗannan yake so.

Da damina ta yi nisa aikin ya tsaya. Ya daina aiko da komai, ni kuma na shagala da wasu abubuwan. Na dai riƙa sauraron rediyo ko zan ji wasan namu, ban ji ba.

Kaka ta zo. Duk wanda ya san yankinmu ya san wannan lokacin da wuyarsa. Garake sun fara gangarowa daga arewa, hatsi kuwa ba a gama kwashe shi daga gona ba, ba a kuma yi shelar sakin gonaki ba. Kowace shekara akan ɗan taɓa, saniya ta faɗa gonar wani, a je gaban mai gari a daidaita. Amma a wannan shekarar tun kafin wata saniya ta taka gonar kowa gari ya ɗauki zafi. Saƙonnin murya suka cika wayoyi. A gurup ɗin unguwa, a na ƴan kasuwa, a na masu kabu-kabu, ko'ina sai ka ga baƙuwar lamba ta jefo saƙo ta yi shiru. Yau tsohuwa ce ke kuka, gobe saurayi ne ke rantsuwa, jibi dattijo ne mai muryar malamai yana cewa haƙuri ya ƙare. Har da hotunan rumbuna suna cin wuta. Kowane saƙo da sunan ƙauyen da aka ce abin ya faru, kuma Hausar tamu ce sak. Ni ba na buɗe irin waɗannan, maigidana ne ke ba ni labari in ya dawo daga aiki. Ya ce samarin wasu ƙauyuka sun fara maganar tare burtali. A kasuwa kuma na lura masu nono sun ragu.

Adda ta yi mako biyu ba ta zo aji ba. Ranar da ta dawo babu ƙwarya a kanta. Ta yi sallama a taƙaice, ba ta zauna a tabarmar Inna ba, ta tsaya a bakin rumfa da wayar mijinta a hannu.

"Malama, ina so ki ji wani abu."

Ta danna. Muryar namiji ce, mai kauri, da ɗan karin harshen Fulani. Ya ce shi makiyayi ne, manoman wani ƙauye sun kewaye rijiya da sanduna sun hana su ruwa. Sai ya ce, "Tun hantsi bisashe na tsaye bakin rijiya, har maruƙa sun bar kuka." Ya ƙare da kiran duk mai sanda ya shirya.

Alli ne a hannuna, ban san lokacin da ya faɗi ba.

Adda ta dube ni. "Malama, wagga maganata ce. Nan na hwaɗe ta, ƙarƙashin rumfar ga. Wa ya sa ta bakin wanga mutum? Ƙanen maigidanmu ya hau babur ya tahi har rijiyar. Ya iske mata na ɗibar ruwa, shanu na sha, ba wanda ya hana kowa. Amma kahin ya dawo, rugage duk sun ji."

Inna ce ta yi motsi. Ta kwance bakin zanenta ta fito da ƴar wayarta, ta miƙa wa wata da ke kusa ta ce ta nemo mata saƙon tsohuwar nan mai kuka. Aka danna. Muryar tsohuwa ce tana shessheƙa, tana cewa Fulani sun tura mata shanu gona da gangan. "Ko zangarniyar da za a jehwa ma kaza ba su bar mani ba."

Inna ta ce, "Kwana huɗu ina jin wagga mata ina tausayinta, ina cewa ashe da mai magana irin tawa. Har na yi ma Fulani Allah ya isa." Ta juya wajen Adda. "Zo ki zamna, ɗiyata. Tsayuwar mi kike yi?"

Adda ta zo ta zauna.

Sauran matan suka shiga fito da wayoyi. Muka yi ta saurare ɗaya bayan ɗaya. Ba duka ne namu ba, amma a cikin da yawa mun tsinci bakinmu. Wannan ta ce ga tata, waccan ta ce ai ita ta ce a sa kaza maimakon kaza. Ƙauyen da tsohuwar ta ambata akwai ɗiyar Inna da ke aure can, aka kira ta nan take. Ta ce lafiya lau suke, jiya ma suka gama ɗaurin dammunansu. A nan na gane abin da aka yi da mu. Hannu ɗaya ne ya shirya kukan manomi da kukan makiyayi. Na manoma aka zuba a wayoyin manoma, na makiyaya aka zuba a wayoyin makiyaya, an tabbata ba za su haɗu a kunne ɗaya ba. A da mai haɗa husuma sai ya zo da ƙafarsa, a ga fuskarsa, a san gidan ubansa. Wannan kuwa yana zaune inda ba mu sani ba, na'ura tana ƙera masa tsofaffi da samari da malamai iya yadda yake so, kuma ni ce na koya mata yadda za ta yi kama da mu.

Na tsaya gabansu na ce su yafe mini, ni na jawo. Hawaye ya hana ni ƙarasawa.

Inna ta daka mini tsawa kamar ƴarta. "Share idonki, Malama. Sata aka yi maki, mu ma an yi muna. Kuka zai maido kayan?" Ta jawo kayenta daga cikin leda ta shiga buɗe shafuka da yatsa mai kaushi, har ta kai inda take nema. Ga maganar zangarniya da rubutunta mai huda takarda, ga kwanan wata a sama. "Karanta mani nan. Wane lokaci ne?"

Na ce, "Kafin shuka ne, Inna."

"To, tsohuwar da aka ci ma gona da kaka, ƙaƙa aka yi kukanta ya shiga kayena tun ba a yi shuka ba?"

Sai kowace ta buɗe nata. Duk suna da shi, shafi ɗaya, rana ɗaya, kowace da irin karkatar hannunta. Adda ba ta zo da nata ba, ta ce yana ruga cikin buhu, gobe za ta kawo. Inna ta ce jibi ranar kasuwa ce, sai a tafi kasuwar bisashe, inda manoma da makiyaya ke haɗuwa dole, a nuna wa maza.

Da suka watse na gaya wa maigidana komai, yana zaune a tsakar gida yana jiran magariba. Ma'aikaci ne, ya san yadda hukuma take, saboda haka ya tsorata. Ya ce in na fito na ce ni na gyara maganganun, ba mai tsayawa ya ji sauran bayanin. Za a ce da ni aka haɗa baki. Ya ce in goge komai daga waya in yi shiru, abin zai wuce da kansa.

Na ce, "In na yi shiru, matan nan ba za su yi ba. Kuma ba zan bar su su tsaya gaban maza su kaɗai da kayen da ni na sa su rubuta ba."

Daga baya ya ce, "To, kar a fara da kasuwa. Gobe da safe mu je wajen jandarma ki faɗa da bakinki, kafin wani ya faɗa a kanki. Kuma kar ki goge ko harafi ɗaya."

Haka aka yi. Ya raka ni, na miƙa wayata, na nuna saƙonnin mutumin tun daga na farko. Jandarman da ya saurare ni ya kira lambar a gabana, aka ce babu ita. Ya yi mini tambayoyi masu yawa, wasu har sau biyu, ya rubuta. Bai yi mini faɗa ba, bai kuma lallashe ni ba. Da na gaya masa shirin matan, ya ce ba zai hana ba, amma a fara sanar da babban dillalin kasuwar, kuma zai sa a sa ido daga nesa.

Ranar kasuwa da hantsi muka haɗu a ƙofar gidana. Na zaci mata biyar ko shida za su zo. Ajin gaba ɗaya ya zo, har da wata mai jego da goyonta. Kowace ta ci ado kamar za ta gidan suna, kowace da kaye a hannu. Adda ta zo da nata, ta kuma zo da ƙishin ruwan tafiya, domin tun asuba ta taso a ƙafa. Muka ratsa gari a jere, mutane suna bin mu da kallo.

Kasuwar bisashe ba wurin mata ba ce sosai. Ranar kuma ba ta cika kamar yadda ta saba ba, kuma da ka shiga za ka ga an rabu. Masu rawani da sanduna a kafaɗa suna gefe guda da bisashensu, mutanen ƙauyuka suna ɗaya gefen, dillalai na kai da komowa a tsakani ba ciniki. Babban dillalin, wani dattijo Buzu da ya san maigidana, ya riga ya ji labari. Ya aro mana lasifikar wani mai tallar maganin bisashe, ya hau kan amalanke ya ce jama'a su matso, iyayenmu mata sun zo da magana. Wasu suka yi dariya. Wani ya ce ko tallar fura ce.

Ni na fara. Na faɗi ko ni wace ce, da aikin da aka ba ni, da yadda na karɓa ban bincika ba. Sannan na kara wayar Inna a bakin lasifika, muryar tsohuwa ta cika kasuwa. Gefen manoma aka fara gunaguni, da yawa sun san saƙon. Ban bari ya lafa ba na sa na wayar mijin Adda. Sai gunagunin ya koma ɗaya gefen. Na ga mutane suna duban juna, domin wannan ne karo na farko da kowane ɓangare ya ji abin da ake zuba wa ɗayan.

Sai Inna ta karɓi lasifikar. Ba ta taɓa karatu a gaban namiji ba. Ta buɗe kayenta, ta ɗora yatsa a saman shafi, ta karanta kwanan watan, sannan ta shiga bin maganar gaɓa gaɓa yadda muke yi a aji. "Ko... zan... gar... ni... yar..." A hankali take tafiya, tana tsayawa tana haɗiye yawu, kuma ba wanda ya katse ta. Da ta kai ƙarshe ta ɗaga kai.

"Ni na hwaɗi wagga magana, ni na rubuta ta da hannuna, ruwa bai ko sauka ba. Gonata ba wanda ya taɓa ta, hatsina na cikin rumbu. Tsohuwar da kuka ji ba a haihe ta ba. In da wanda ya san gidanta, ya kai ni in yi mata jaje."

Adda ta biyo baya. Muryarta ba ta da ƙarfi, sai da dillalin ya riƙe mata lasifikar. Ta karanta maganar maruƙa ba tare da tuntuɓe ko ɗaya ba, sannan ta juya wajen mutanensu ta sake bayanin duka da Fillanci. Ban ji abin da ta ce ba, amma na ga wani dattijo mai farin gemu ya sauke sandarsa daga kafaɗa ya dogara da ita.

Wani matashi daga gefen manoma ya ɗaga murya ya ce ta yaya za a san ba jiya aka rubuta ba. Mai jegon nan ta miƙa masa kayenta ta ce, "Ka yi lakkol, ko? Duba abin da ke bayan shafin. Karatun damina duka yana nan bisanshi, har ranar da ruwa ya jiƙa mani takarda." Ya karɓa ya yi ta juyawa. Daga nan kayen suka shiga hannun maza. Wanda ya iya karatu ya karanta wa na kusa da shi, Bafillace da Bahaushe suka haɗa kai a kan shafi ɗaya. Na tsaya gefe ina kallon matan nan, waɗanda wasunsu bara waccan ba su san ta inda ake buɗe littafi ba, suna nuna wa maza layi da yatsa suna cewa a'a, nan za ka fara. A duk shekarun da na yi ina koyarwa ban taɓa jin abin da na ji a ƙirjina a wannan hantsin ba.

Ba zan ce ranar ta gyara komai ba. Akwai waɗanda suka tafi suna cewa ko da waɗannan biyun ƙarya ne, sauran gaskiya ne. Akwai maƙwabciyar da ta yi wata biyu ba ta amsa gaisuwata, tana cewa ni na sayar da bakin mutane. Ban yi mata musu ba, domin da ɗan gaskiyarta. An kuma samu taɓawa a wani ƙauye bayan haka, ta gaske, saniya da gona, aka je gaban mai gari aka daidaita kamar kowace shekara. Amma ba a tare burtali ba. Kafin mako biyu masu nono sun dawo wurin zamansu. Wasu da suka ɗauki karatun Inna a waya suka yi ta tura shi, har ɗiyarta ta kira ta daga ƙauye tana cewa an gan ta. Inna ta ce ita dai abin da ya ɓata mata rai shi ne ta tsaya sau uku a kalma ɗaya.

Ba mu taɓa sanin ko wane ne mutumin ba, balle wanda ya sa shi. Saƙonnin ma ba su ƙare ba. Sun ɗan yi sauƙi, suka dawo da sabbin muryoyi, kuma yanzu na'urar ba ta buƙatar gyarana, ta iya. Abin da ya canza shi ne matan ajina. In saƙo ya zo, sai su tambayi wa ya turo, wa ya san shi, wa ke da ɗan'uwa a ƙauyen da aka ambata. Da wuya a rasa mai ɗan'uwa, sai a kira a ji. Ajin kuma ya ƙaru har sai da maigidana ya ƙara wa rumfar tsawo. Cikin sabbin akwai mata uku daga rugar su Adda.

Bayan sallar layya aka kira taron malaman karatun manya a Kornaka, shugabanmu ya ce in zo in ba da labarin abin da ya same ni. Na je, na faɗa musu tun daga kiran farko, ban rage komai ba, har da daɗin da na ji. Wasu suka yi tambayoyi, wasu suka rubuta. Da aka tashi cin abinci, wata malama da ban sani ba, yarinya a kaina, ta biyo ni bayan aji inda nake wanke hannu. Ta tsaya tana murza bakin mayafinta.

"Yaya, ni ma an kira ni. Wata uku ke nan ina yi masu. Sun ce littahin kiwon lahiyar mata ne." Ta rage murya. "Ban hwaɗa ma kowa ba, ko maigidana."

Na tambaye ta ko ta goge saƙonnin. Ta ce a'a, suna nan. Na ce to, ta kawo wayar. Muka samu inuwar wata bishiyar bedi muka zauna, abincinmu yana hucewa a ciki, muka fara karantawa daga na farko.